Karatun Dogon Hutu: Littafin da Makaranta Ta Ɗora, ko Wanda Yaro Ya Zaɓa da Kansa?

An gama jarrabawa, an raba sakamako, shekarar karatu ta zo ƙarshe. A makarantun Kirista da yawa akwai wata takarda da ke bin katin sakamako zuwa gida, wadda ke faɗin abin da ake so yaro ya karanta kafin a koma. A wata makarantar, takardar na ɗauke da sunan littafi biyu ko uku na dole, da tambayoyin da za a amsa a rubuce, da gargaɗin cewa akwai maki a makon farko na sabon zango. A wata kuma magana ɗaya ce: yaro ya riƙa karanta abin da ransa ke so, minti 20 ko 30 kowace rana. Malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kan wanne ya fi, iyaye kuma su ne za su zauna da yaron da littafin har hutu ya ƙare. Ga kuma wata tambaya da makarantar Kirista ba za ta iya kauce mata ba: ina gurbin Littafi Mai Tsarki a cikin wannan shiri?

Zan faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ga yawancin yara, zaɓin kai a cikin iyakar da manya suka shata ya fi littafin dole amfani. Littafi Mai Tsarki kuwa a fitar da shi daga sahun aikin gida mai maki gaba ɗaya, a ba shi nasa lokaci dabam. Amma littafin dole yana da wuraren da ya yi nasara, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa.

Me ya sa ma ake damuwa?

Hutun ƙarshen shekara yana da tsawo. A Ingila makonni 6 ne, a Amurka yakan kai 10 ko fiye. A shekarar 1978 wata masaniya mai suna Barbara Heyns ta fitar da binciken da ta yi a kan ɗaliban aji 6 da aji 7 a birnin Atlanta na Amurka, inda ta gano cewa a cikin duk abubuwan da yara ke yi a hutu, karatu ne ya fi alaƙa da ci gaban iliminsu. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi kafin su, suka ce a matsakaici yaro yakan koma baya da kimanin karatun wata ɗaya a lokacin hutu, kuma ta fuskar iya karatu 'ya'yan marasa ƙarfi ne suka fi jin jiki. Masana na baya-bayan nan sun yi jayayya a kan girman wannan koma-baya, amma babu malamin firamare da ke bukatar a gaya masa cewa yaron da ya yi wata biyu bai buɗe littafi ba yakan dawo harshensa ya yi nauyi.

Saboda haka kowa ya yarda a karanta. Rigimar a kan me za a karanta ne, da wanda zai zaɓa.

Littafin dole

Babban ƙarfinsa shi ne yana haɗa aji wuri ɗaya. Idan yara 30 sun karanta labari guda, malami zai iya buɗe zango da tattaunawa ta gaske: me ya sa wane ya yi ƙarya, ya dace a gafarta masa, kai da me za ka yi? Irin wannan hira ita ce zuciyar tarbiyyar makarantar Kirista, kuma ba ta yiwuwa idan kowa da nasa littafin. Na biyu, malami ya riga ya karanta littafin, ya san abin da ke ciki, iyaye sun huta da fargaba. Na uku, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai littattafan da yaro ba zai taɓa ɗauka don kansa ba, amma in ya shiga ciki sai su zauna masa har tsufa. Littafin John Bunyan, The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678, misali ne. Mutumin ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila saboda ya ƙi daina wa'azi, kuma labarin matafiyinsa mai ɗauke da kaya a baya ya zaga duniya cikin harsuna fiye da 200. Ba yaron da zai gan shi kusa da littafi mai hotuna masu launi ya miƙa masa hannu. Sai wani babba ya ce masa, karanta wannan.

To, amma duba yadda abin ke kasancewa a gidaje da yawa. Littafin na nan a kan tebur mako ɗaya, biyu, biyar. Saura kwana uku a koma, uwa ta tuna, hankali ya tashi. Yaro ya buɗe shafin farko, ya tsallaka na ƙarshe, ya karanta bayanin da ke bayan bango, sauran kuma ya nemo taƙaitawa a intanet ya kwafe. Ya kai wa malami, ya sami maki. An cika umarni, amma ba a yi karatu ba, kuma yaron ya koyi wani abu mafi muni, wato yadda ake nuna an yi abin da ba a yi ba. A makarantar da ke koyar da gaskiya da riƙon amana, wannan ya kamata ya tayar mana da hankali fiye da koma-bayan wata ɗaya.

Sai matsalar mataki. A aji ɗaya akwai yarinyar da ke cinye littafi mai shafi 200 a kwana biyu, akwai kuma yaron da har yanzu yana bin layi da yatsa. Littafi ɗaya ba zai dace da su biyun ba. A lokacin makaranta malami na kusa, yana bayyana kalma mai wuya, yana karanta wani sashe da ƙarfi. A hutu babu shi. Shi kansa littafin Bunyan, Turancinsa na ƙarni na 17 ne, kuma ɗan shekara 10 da aka bari shi kaɗai da asalin rubutun zai jefar da shi tun kafin matafiyin ya fita daga garinsu. Akwai sassauƙan bugu da aka yi don yara, kuma makarantar da ta sa wannan littafi ba tare da ta faɗi wane bugu take nufi ba, ta bar iyaye cikin duhu.

Zaɓin yaro

Hujja mafi ƙarfi a nan ta fito ne daga jihar Florida ta Amurka. Masu bincike Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun je makarantun 'ya'yan talakawa, suka shirya baje kolin littattafai a ƙarshen shekara, kowane yaro ya zaɓi littafi 12 ya tafi da su gida kyauta. Aka yi haka shekara 3 a jere. Babu tambayoyi, babu maki. Da suka wallafa sakamakon a 2010, yaran da suka sami littattafan sun fi takwarorinsu a jarrabawar karatu, kuma waɗanda suka fi talauci ne suka fi cin riba. Abin lura shi ne yawancin yaran ba manyan littattafan adabi suka ɗauka ba. Sun fi son na taurarin da suka sani da labarai masu zuwa kashi-kashi. Duk da haka karatunsu ya ƙaru, domin sun karanta da yawa, kuma yawan karatu shi ke kwance harshe.

Dalilin a fili yake. Yaron da ya zaɓi littafi da hannunsa yana jin nasa ne. Zai kai shi gado, zai karanta a mota, zai zo yana ba ka labarin abin da ba ka tambaye shi ba.

Sai dai kalmar nan ta "ya karanta abin da yake so" tana da ramuka. A gidan da babu littafi ko ɗaya ban da na makaranta, babu abin zaɓa, kuma waya ko talabijin za su cike gurbin. Binciken Florida ya yi aiki ne saboda an danƙa wa yaran littattafan a hannu. Makarantar da ta ce "zaɓi da kanka" sannan ta kulle ɗakin karatunta har sai an dawo, ta sauke nauyi ne kawai daga kanta. In da hali, a bar kowane ɗalibi ya ari littafi biyar ko shida ranar rufe makaranta. Wasu za su ɓata, wasu za su dawo a yage, amma asarar ba ta kai ta littattafan da ke kulle suna shan ƙura ba.

Rami na biyu: ƙananan yara ba su iya auna ƙarfinsu ba. Masu bincike James Kim da Thomas White sun yi wani gwaji da ɗaliban aji 3 zuwa 5, sakamakon ya fito a 2008. Yaran da aka aika wa littattafai kawai ba su nuna wani bambanci ba, amma waɗanda malami ya koya musu dabarun fahimta kafin hutu, iyaye kuma suka riƙa sauraron karatunsu a gida, su ne suka ci gaba. Ma'ana, zaɓin kai ba ya nufin a sallami yaro.

Akwai wata 'yar dabara da malamai ke amfani da ita, kowace uwa za ta iya. A buɗe littafin a tsakiya, a ce yaro ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, hannunsa a dunƙule. Duk kalmar da ta gagare shi ya miƙe yatsa ɗaya. In ya kai ƙarshen shafi da yatsa biyu ko uku a miƙe, littafin daidai shi ne. In yatsu biyar sun miƙe tun bai gama ba, ya fi ƙarfinsa a yanzu, sai dai a karanta masa. In kuwa hannun na nan a dunƙule, littafin ya yi masa sauƙi, kuma wannan ba laifi ba ne a hutu, muddin ba dukan littattafansa ne haka ba.

Rami na uku shi ne wanda ya fi damun iyaye Kirista: abin da ke cikin littafin. Damuwar gaskiya ce, ban kuma raina ta ba. Amma kada a ɗauka duk littafin da aka rubuta "na Kirista" a bangonsa ya zama mai kyau. Akwai masu raunin rubutu, inda yaron kirki ba ya taɓa kuskure, mugu kuma ya tuba a shafin ƙarshe ba dalili. Yara suna gane wa'azin da aka lulluɓe da labari, kuma yana kashe musu sha'awa. A ɗaya gefen akwai littattafan da ba su ambaci Allah ko sau ɗaya ba, amma cike suke da gaskiya, jaruntaka da tausayi, irin abubuwan da Bulus ya ce a yi tunani a kansu a Filibiyawa 4:8. Littafi a kan taurari, ko tsuntsaye, ko yadda jirgin sama ke tashi, shi ma kallon aikin Mahalicci ne. Ko a tsakanin masu bi ma ra'ayi yakan bambanta. Labaran Narnia guda 7 da C. S. Lewis ya fitar tsakanin 1950 da 1956, wasu iyaye na ganin hoton mutuwar Almasihu da tashinsa a cikin zakin labarin, wasu kuma ba sa so saboda akwai mayya da sihiri. Makarantar da ta tilasta irin wannan littafi ta jawo wa kanta rigima da gidaje. In ta sa shi a cikin dogon jeri, kowane gida ya yi abin da lamirinsa ya ba shi.

Wannan ne ya kai ni ga tsarin da na fi so: makaranta ta ba da jerin littafi 20 ko 30 da malamai suka karanta da idonsu, masu sauƙi da masu wuya, labari da tarihi da kimiyya, yaro ya zaɓi uku ko huɗu, in ya samo wani a waje iyaye su duba. Jerin ya zama shinge mai faɗi da ake kiwo a ciki, kada ya zama igiya da turke.

Littafi Mai Tsarki

A nan ne kyakkyawar niyya ta fi yin ɓarna. Wani uba zai ce, tunda akwai lokaci, ɗana zai sauke Littafi Mai Tsarki dukansa a hutun nan. Mu yi lissafi. Littattafai 66 na Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari suna da sura 1,189. A hutun makonni 6, wato kwana 42, sura 28 ke nan da ɗoriya kowace rana. Ko hutun ya kai makonni 10, sura 17 ce. Tsarin karatun da fasto Robert Murray M'Cheyne na Sikotilan ya shirya wa ikkilisiyarsa a 1842, wanda manya ke bi har yau, sura 4 ne a rana, kuma shekara guda yake ɗauka. Yaron da aka ɗora wa wancan buri zai ji daɗin Farawa, ya jure Fitowa, ya maƙale a dokokin hadayu na Littafin Firistoci, ya daina, sannan ya riƙa jin ya kasa a gaban Allah.

Kishiyar wannan ita ce aya ɗaya a rana da ɗan sharhi, irin na littattafan ibadar safe. Tana da amfani wajen kafa ɗabi'a, ba ta da nauyi. Amma yaron da ya tashi a kan tsintar ayoyi yau daga Zabura, gobe daga Romawa, yakan san maganganu masu daɗi bai san labarin da ya haɗa su ba.

Abin da dogon hutu ya fi dacewa da shi, wanda lokacin makaranta ba ya bari, shi ne a ɗauki littafi ɗaya a bi shi daga farko har ƙarshe. Bisharar Markus sura 16 ce, gajeriya, mai sauri, ana iya karanta ta duka da ƙarfi cikin ƙasa da awa 2. Ayyukan Manzanni sura 28. In aka haɗa su sun zama 44, kusan daidai da hutun makonni 6 a sura ɗaya kowace rana. Mai dogon hutu ya ɗauki Luka da Ayyukan Manzanni, sura 52, marubuci ɗaya, labari ɗaya daga komin dabbobi a Baitalami har gidan hayar Bulus a Roma.

Kuma akwai abin da zai riƙe yaro a ciki. A Markus 4 hadari ya taso, ruwa na cika jirgi, Yesu yana barci a kan matashi. A sura ta 5 ya kama hannun 'yar Yayirus mai shekara 12, ya tashe ta, sannan ya ce a ba ta abinci. A Ayyukan Manzanni 12 Bitrus ya fito daga kurkuku cikin dare yana ƙwanƙwasa ƙofa, Roda ta gane muryarsa, don murna ta ruga ciki ta bar shi a waje. A sura ta 20 saurayi Aftikos ya yi gyangyaɗi a taga ya faɗo daga hawa na uku. A ta 27 jirgi mai mutum 276 ya yi kwana 14 iska na kora shi kafin ya farfashe a gaɓar Malta, ba kuma wanda ya mutu. Karanta wa ɗan shekara 8 wannan sura, ka tsaya a daidai inda sojoji suka yi shawarar kashe fursunoni, ka rufe littafin. Za ka ji ya ce, "Baba, to sai me ya faru?"

Ga ƙananan yara akwai gajerun littattafai da ake gamawa cikin mako: Rut sura 4, Yunusa sura 4, Esta sura 10, da surori 6 na farkon Daniyel. Labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, ba shi da na biyu, amma babba ya kasance a kusa, domin sura ta 38 a kan Yahuza da Tamar da ta 39 a kan matar Fotifar za su jawo tambayoyin da gara a ji su daga bakin iyaye. Haka ƙarshen Littafin Mahukunta, ba na yaro shi kaɗai ba ne. Matasa kuwa Karin Magana ta dace da su, sura 31, ɗaya ga kowace ranar wata.

Roƙona ga makarantu shi ne kada a sa wa wannan karatu maki. Na san dalilin masu sa wa: abin da ba a auna ba, ba a yi. Amma da zarar yaro ya cika takardar "na karanta sura kaza" don tsoron sifiri, an tura shi ga jarabar yin ƙarya a kan Maganar Allah kanta. Gara makaranta ta buga jadawalin surori ta ba iyaye, a karanta tare a sujadar iyali, minti goma da safe ko da dare, kowa da ayoyinsa. Haddar aya ma haka: gajeren sashe ɗaya da aka riƙe da kyau, kamar Zabura 23 mai aya 6, ya fi ayoyi 40 da aka cusa ranar jajiberin komawa.

Akwai wani rukuni da ke tsakanin labari da ibada, wanda sau da yawa jerin makarantu ke mantawa: tarihin rayuwar mutanen gaske. Yaron da ya ce ba ya son karatu amma yana son wasanni, a ba shi labarin Eric Liddell, wanda ya ƙi yin tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1924 a Faris saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, ya ci zinare a mita 400, ya koma ƙasar Sin aikin bishara, ya mutu a sansanin tsare mutane a 1945. Akwai George Müller da ya riƙe marayu fiye da 10,000 a Bristol. Akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822 yana yaro, ya zama bishop a 1864. Labarin Corrie ten Boom, wadda iyalinta suka ɓoye Yahudawa daga 'yan Nazi a gidansu a Holan har aka kama iyalin a 1944, 'yar'uwarta Betsie ta mutu a sansanin fursunoni na Ravensbrück a Jamus, na manyan ɗalibai ne, domin akwai baƙin ciki mai nauyi a ciki.

To, wa ya dace da wanne? 'Yan ƙasa da shekara 8 ba su bukatar wani littafin dole, abin da suke bukata shi ne wanda zai zauna ya karanta musu, su ma su karanta masa. Daga 8 zuwa 12, lokacin da ake kama son karatu ko a rasa shi, zaɓi daga dogon jeri ne ya fi. Littafin dole ya fara samun gurbi a sakandare, musamman ga masu shiga ajin da za su rubuta babbar jarrabawa, inda akwai littattafan adabin da ba makawa sai an karanta. Ko a nan ma, guda ɗaya ya isa, kuma ya zama wanda za a yi aiki da shi da gaske a makon farko. In malami ya san ba zai koma kansa ba, kada ya ɗora shi.

Game da bincike bayan an dawo, hira ta fi rubutaccen rahoto tona gaskiya. Malami ya zaunar da yara biyar-biyar, kowa ya riƙe littafinsa, ya nuna shafin da ya fi so, ya faɗi wa zai ba shawarar ya karanta shi. Wanda ya kwafo taƙaitawa ba zai iya nuna shafi ba, wanda ya karanta kuwa da ƙyar za a tsayar da shi, kuma daga nan abokansa za su fara ara.

In kuma kun gwada duk wannan, yaro na ƙin littafi kowane iri, yana tsallake layi, yana kawo shafi kusa da fuskarsa, ko yana kukan ciwon kai bayan minti kaɗan, kada ku yi saurin ce masa malalaci. A kai shi a duba idonsa, a kuma yi magana da malaminsa kafin makaranta ta rufe, domin wasu yaran suna da matsalar gane haruffa da ke bukatar taimako na musamman. Kafin a sami wannan taimako, a ci gaba da karanta masa da ƙarfi ko a sa masa karatun da aka naɗa a murya, yana bin rubutun da ido gwargwadon iyawarsa.